Fil Biyu a Ƙarƙashin Fiffike

Ku samarin da kuke tsayawa a ƙofar shagona kuna cewa ai wannan aiki haɗawa ne kawai, ba zan yi musu da ku a tsaye ba. Na san abin da kuke gani a waya. Mutum ya buɗe kwali, ya zazzage 'yan robobi a kan tebur, kafin minti ɗaya jirgin yaƙi ya tsaya da fentinsa da komai. Ni ma an nuna mini. Abin da wayar ba ta nuna muku shi ne ranar da mai jirgin zai zo karɓa, musamman a gari irin Zuru, inda da wuya ka shiga falo ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. A wani gari, wanda zai duba aikinka yana kallon abin ado ne. A nan, wataƙila ya yi shekaru yana tsayawa a ƙarƙashin na gasken.

Sunana Ishaya. Karatuna ya tsaya a aji shida na firamare, don haka in kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri, na karanta shi sau uku kafin in ba da.

Ba da jirgi na fara ba. Agogo na koya, a wajen Malam Tanko, kusa da tasha. Aikin farko da ya ba ni shi ne in kwance bayan wani agogon hannu. Sukurun farko da na cire ya yi tsalle daga bakin hantsaki ya ɓace. Malam Tanko bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in neme shi. Na yi rarrafe a ƙasan shagon daga hantsi har aka kira azahar, gwiwoyina duk ƙasa. Sai da ya ga na gaji sannan ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wani mayen ƙarfe da ya cire daga bayan sifikar rediyo, ya ɗaure shi da igiya. Ya ja shi a ƙasa sau biyu, sai ga sukurun a manne.

Na ce, "Maigida, me ya sa ba ka ba ni tun da safe ba?"

Ya ce, "Da na ba ka da safe, da gobe ka sake yar da wani."

Daga wajensa na samo yawancin kayan da kuke gani a teburina: hantsaki biyu, gilashin ido ɗaya na masu agogo, farin ƙyallen da nake shimfiɗawa a cinya, da mayen ƙarfen nan. Sauran na tara daga baya. Reza, da ƙaramin magagari, da samfefa mai laushi wadda nake jiƙawa da ruwa, da tsinken sakace na ɗiga gam, da rula ta ƙarfe. Burushin da nake zana siririn layi da shi gashi bakwai ne ko takwas, ni na rage shi da almakashi.

Jirgin farko kuwa daga dilar gwanjo ya fito. Oga Sunday, wani Ibo mai sayar da kayan wasan yara a layinmu, ya buɗe dila ya tarar da kwali mai hoton jirgi, ciki kuwa gutsattsarin roba a manne da juna kamar ƙayar kifi. Ya ƙwala mini kira.

"Ishaya, zo ka ga cuta! Turawa sun sayar mani da jirgi a farfashe. Ko kai mai haƙuri za ka iya yi masa ɗori?"

Na ɗauka na kai shago. Akwai takarda a ciki mai zane da lambobi, ba sai ka iya Turanci ba. Na yi mako biyu a kansa. Gam ɗin takalmi na sa, ya cinye robar a wurare biyu, amma jirgi ya tsaya. Na ajiye shi a gaban akwatin agogo don kawai in riƙa kallo. Wani tsohon soja ya gani ya saya. Daga nan waɗanda 'ya'yansu ke tafiya kwas ko aiki a waje suka fara kawo mini irin kwalayen nan, domin 'ya'yan kan sayo su tsaraba, iyayen kuma ba su da idon haɗawa. Sana'ar agogo na mutuwa a lokacin, kowa ya koma duba lokaci a waya. Sai jirgi ya zama abincina.

Yanzu bari in faɗa muku shekarar da na lalata sunana, don ku san ba tsoratar da ku nake yi ba.

Wani Manjo mai ritaya ya aiko da babban kwali. Na haɗa jikin jirgin lafiya. Da na zo kan abin da ake ratayawa a ƙarƙashin fiffike, sai na tarar da kaya da yawa: tankunan mai, bama-bamai manya da ƙanana, da makamai masu linzami iri biyu. Ban sani ba a lokacin cewa masu kwalin sukan zuba iri-iri ne don mutum ya zaɓi kaɗan ya bar saura. Ni abin da ya dame ni shi ne kada Manjo ya ƙirga ya ga wani abu ya rage, ya ce na riƙe masa kaya. Na kwana biyu ina juya maganar. Daga ƙarshe na manna duka. Inda ba marataya na yi masa marataya. Har a ƙarƙashin cikin jirgin, tsakanin tayoyi, na liƙa bam huɗu.

Manjo ya karɓa ya kai shi majalisar tsofaffin soja, gindin mangwaron da suke zama da hantsi. Can akwai wani dattijo, Sajan Bawa, mutumin Dabai, wanda ya yi aikinsa a sojan sama. Idan gardama ta tashi a kan jirgi, maganarsa ce ke kashe ta. An ce ya ɗaga jirgin sama, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce:

"Wannan jirgin yaƙi ne ko motar da ke ɗaukar doya ranar kasuwa? Wa ya yi masa lodi?"

Aka ce Ishaya mai agogo.

Ya ce, "To ku gai da Ishaya Lodi."

Sunan ya kama. Fiye da shekara ba wani soja da ya sake kawo mini kwali. Kuma ya zo daidai lokacin da rashin tsaro ya yi tsanani a hanyoyin Sakaba da Kanya, mutanen ƙauye suka rage shigowa, kasuwa ta yi sanyi. Na koma gyaran tocila da canza batirin agogon bango, da damina kuma na koma gonar dawa. Abu ɗaya na ƙaru da shi. Na sayi littafi mai layi arba'in, na fara zana kowane makami da na gani a hoto, ina rubuta tambayoyina a gefe. Me ya sa wannan yake da fukafukai gaba da baya, wancan kuwa baya kaɗai? Me ya sa hancin wani gilashi ne, na wani kuma a toshe? Ba ni da wanda zan tambaya, amma na rubuta. Kuma tun daga lokacin, duk abin da ya rage a kwali, ina zuba shi a gidan ashana in miƙa wa mai kaya hannu da hannu.

Ana nan sai wata malamar makaranta, Rifkatu, ta shigo da kwali a leda. Ta ce ƙanenta ne ya aiko. Mahaifinsu zai yi addu'ar godiya a coci bayan girbi, idonsa kuma yana rufewa, yanzu inuwa-inuwa kawai yake gani. Suna so su ba shi irin jirgin da ya yi aiki da shi tun yana iya ganin ko da siffarsa. Na duba hoton kwalin, siririn jirgi ne mai buɗaɗɗen baki a gaba kamar bututu, da makami mai linzami ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike.

Na ce, "Malama, waye mahaifin naku?"

Ta ce, "Sajan Bawa."

Na mayar da kwalin cikin leda na tura mata. Na ce, "Gara ki sani tun yanzu. Babanki ne ya sa mini sunan da ake kirana da shi."

Ta yi dariya har ta riƙe ƙofar shago. "Au, kai ne Lodi? Ai har a gida yana ba da labarinka. To, Malam Ishaya, ka ga dama ta samu. Ko ya janye sunan, ko ya ƙara maka wani."

Na karɓa. Na san idan wannan ya wuce a hannun Sajan Bawa, majalisa za ta dawo mini. Idan bai wuce ba, sai in rufe maganar jirgi gaba ɗaya.

Jikin jirgin bai ba ni wahala ba. Makaman biyu ne suka tsaya mini. Kowanne bai fi tsawon ƙaramin yatsana ba. A jikin kwalin an rubuta ɗaya bisa arba'in da takwas, ma'ana duk abin da ka auna a ƙaramin, ka ninka shi sau arba'in da takwas ka samu na gaske. Na ɗora rula a kan fiffiken makamin, kaurinsa milimita ɗaya. Na ninka. Ya ba ni kauri kusan faɗin yatsu uku. Na sake lissafawa a bayan takarda, na kuma kai wa Oga Sunday ya danna a na'urar lissafinsa. Haka ne. Wato da za a hura makamin nan ya zama na gaske, fukafukansa za su yi kaurin katakon benci. A hotunan da na tara kuwa sirara ne kamar bakin adda.

Oga Sunday ya ce, "Kai, wa zai auna? Baban ma ba ya gani."

Na ce, "Yana da yatsu."

Na yanke fukafukan roban duka goma sha shida, takwas a kowane makami, huɗu ƙanana a gaba, huɗu manya a baya. Na yanko sababbi daga gwangwanin lemo, na goge fentin da samfefa. Goma sha shida nake nema, amma sai da na yanka fiye da talatin, domin in ɗaya ya fi ɗan'uwansa da ko gashi ɗaya, ido zai kama. Sai kuma tambaya biyu suka hana ni ci gaba. Takardar kwalin ta nuna fukafukan a tsaye, ɗaya sama, ɗaya ƙasa, biyu a gefe. Wani hoto da Oga Sunday ya nemo mini a waya kuwa ya nuna su a karkace. Sannan a kusurwar kowane fiffiken baya akwai wani ɗan zagaye kamar taya mai haƙora, wanda kwalin bai yi ba sam.

Mutum ɗaya ne a garin nan ya san amsa. Na wanke hannu na tafi gindin mangwaro da littafina.

Kofur Ango, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya fara hango ni. "Jama'a, a matsa, ga Lodi nan! Yau me aka ɗauko, dawa ko gawayi?"

Na gaishe su, na durƙusa kusa da Sajan Bawa na ce, "Yallaɓai, tambaya na kawo."

Ya ce, "Ajiye yallaɓai ɗin nan, ni ba hafsa ba ne, da hannuna na ci abinci. Yi tambayarka."

Na tambaye shi zancen fukafukai. Ya gicciye hannuwansa biyu a karkace. "Haka yake zama. Idan ɗaya ya miƙe sama, ina zai shiga? Ai marataya ce a wurin. Wa ya ce maka a tsaye?"

Na ce takarda ce.

Ya ce, "Takarda ba ta taɓa ɗaukar abin nan a kafaɗa ba. Mu uku muke ɗaga shi."

Da na tambaye shi ɗan zagayen nan mai haƙora, sai ya gyara zama, ya juyo gaba ɗaya. Ya ce taya ce ta gaske, ta ƙarfe. Iska ce ke kaɗa ta idan jirgi na gudu, jujjuyawarta kuma ita ke hana makamin ya riƙa murɗawa kamar dunƙulen zare. Ya ce kafin kowane tashi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kaɗa da babban yatsa ya saurari ƙararsu. Har ya yi mana ƙarar da baki. Na rubuta. Ya ce hancin gilashi ido ne, zafi yake gani ba haske ba. Na rubuta wannan ma, na kuma tambaye shi yadda abu zai ga zafi. Ya ce shi ma ya yi wannan tambayar yana saurayi, aka ce masa ya je ya share fili.

Da zan tashi ya ce, "Wa kake wa aikin?"

Dama Malama Rifkatu ta roƙe ni kada in faɗa. Ƙarya kuma ba na iya ta. Na ce, "Baba, mai aikin ya ce kada in faɗa."

Ya ce, "To Allah ya taimaki mai aikin."

Tayoyin nan takwas na yi su da siririyar waya, na naɗe ta a jikin allura na yanka zobe-zobe. Hancin gilashin kuwa ɗigon farin gam ne mai bushewa garau. Na gama jirgin a tsaye a kan tayoyinsa, murfin mazaunin matuƙi a buɗe, da ɗan tsani a jingine, kamar yadda hoton kwalin ya nuna. Sai na ce wa Malama ba zan yarda a fara buɗe shi a gaban jama'a ba. Na ce ta kawo Baba shago kwana uku kafin ranar, in akwai gyara a yi. Ta ce zan ɓata musu mamaki. Na ce gara mamaki ya ɓaci.

Ta kawo shi da hantsi. Na sa masa kujera a bakin ƙofa inda haske yake, na ɗora jirgin a kan faranti a cinyarsa. Ya kai fuskarsa kusa, sannan ya bar ido ya koma yatsu. Ya bi bakin jirgin, ya bi baya, ya ce, "Shi ne." Ya sa ɗan yatsa ƙarƙashin fiffike ya taɓa makamin. Ya daɗe a nan. Ya bi fukafukan gaba, ya bi na baya, farcensa ya tsaya a kan ɗan zoben.

"Har da wannan?"

Na ce, "Har da shi, Baba."

Malama ta kalle ni ta ɗaga gira. Ni dai idona na kan yatsan, domin bai gama tafiya ba. Ya koma sama, wajen maratayar da makamin ke manne. Ya shafa gefe ɗaya, ya shafa ɗayan. Ya taɓa tayar jirgin, ya taɓa tsani. Sai ya janye hannunsa da sauri kamar ya taɓa tukunya a wuta.

"Wa ya cire fil?"

Na ce, "Wane fil, Baba?"

"Jirgi a ƙasa, tsani a jingine, ba matuƙi a ciki, makami a rataye, ba fil, ba hula a hanci? Rifkatu, ɗauke abin nan daga cinyata."

Ta ce, "Haba Baba, roba ce fa."

Ya ce, "Na san roba ce. Ba zai shiga falona haka ba, jikokina suna wasa a wurin."

Na ce kwalin bai zo da wani fil ba, takardar ma ba ta nuna ba. Ya ce masu kwali matuƙi kawai suka sani. Sannan ya yi mana bayani, kuma ko 'yarsa ba ta taɓa jin wannan ba. Muddin jirgi yana ƙasa, akwai fil na ƙarfe da ake sokawa a maratayar kowane makami don kada ya tashi bisa kuskure, da jan ƙyalle a ɗaure don a hango shi daga nesa, da jar hula a kan idon gilashin. Sai jirgi ya kai bakin titin tashi, inji na ruri, sannan shi Sajan zai shiga ƙarƙashin fiffike a duƙe ya zare su, ya fito ya ɗaga hannu sama matuƙi ya ƙirga. Fil biyu, ƙyalle biyu. Sai ya sa su a aljihu, ba ya zama, ba ya cin abinci da natsuwa, har jirgin ya dawo ya mayar da su.

Ya ce, "Ni ban taɓa tashi sama ba ko sau ɗaya. Idan an cire fil, jirgin na matuƙi ne. Idan fil na ciki, nawa ne. Kai ka yi mini jirgin wani."

Malama ta ɗauke farantin daga cinyarsa. Daga baya ta ce mini tun suna yara, in an tambaye su a makaranta, cewa suke babansu yana tuƙa jirgi, shi kuma bai taɓa jin sun faɗa ba balle ya gyara.

Washegari da safe ya aiko ta da wani tsohon gwangwanin alewa. A ciki akwai jan ƙyalle ɗaya da ya koɗe ya koma ruwan goro, wanda abokan aikinsa suka ba shi ranar da ya ajiye aiki. Na auna tsawonsa, santimita arba'in da takwas. Wato ƙaramin zai zama santimita ɗaya cif. Lissafin ya yi sauƙi har na yi zarginsa, na sake aunawa sau uku. Faɗinsa kuwa ya fito milimita ɗaya da ɗan kaɗan.

Kwana biyu suka rage. Na fara da ƙyallen gaske, sai ya zauna a jikin jirgin kamar bargo. Na gwada jar leda, tana ƙyalli, ba ta kuma lanƙwasa. Abin da ya yi shi ne siririyar takardar azurfa ta cikin kwalin shayi, na shafa mata jan fenti marar ƙyalli, na ɗan murɗa ta da hantsaki ta yi kamar iska ta taɓa ta. Hular hanci na yanko ta daga rigar jar wayar lantarki. Ramin fil na huda shi da bakin allura, ina juyawa a hankali, domin in maratayar ta tsage aiki ya koma farko. Fil ɗin kansa na fara yi da wayar tagulla, ta fi daɗin lanƙwasa. Har na gama sai na tsaya na dube shi a tafin hannuna. Na zubar, na sake yi da sili ɗaya na wayar birkin keke, mai taurin kai, wadda ta huda mini yatsa sau biyu. Ban kuma sa gam ba. Fil ɗin da ba ya fita ba fil ba ne.

Ranar godiya, bayan an taso daga coci, aka taru a tsakar gidan Baba. An kafa rumfa, ga tuwon dawa, ga kunu a manyan robobi, 'yan majalisa sun jeru a benci ɗaya. Aka kawo jirgin. Baba ya kai yatsa kai tsaye wajen maratayar, ya taɓa ɗan ƙyallen, ya ja hannu, ya taɓa na ɗaya gefen. Ya kira jikokinsa su matso.

Ya ce, "Ishaya, yana fita?"

Na ce, "Yana fita, Baba."

"To zare."

Na zare da hantsaki, na ɗora masa biyun a tafin hannu. Ya miƙe tsaye, ya tattara su tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga hannu sama sosai yana fuskantar jirgin, ya ce wa yaran, "Wannan shi ne aikin kakanku." Kofur Ango ya sara masa daga zaune. Da Baba ya sauke hannu ya buɗe, fil ɗaya ne a ciki.

Na ce, "Ba komai, Baba, na yi wasu huɗu, suna cikin gidan ashana."

Ya ce, "Ba a haka. Biyu aka cire, biyu za a mayar. Wanda ya faɗi yana nan a wani wuri. Kowa ya tsaya inda yake, kada a ɗaga ƙafa."

Tsakar gida rairayi ne, abin da ake nema kuma bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba. Tsofaffin nan, da manyan rigunansu na coci, suka fara sunkuyawa, wani na riƙe da ƙugu, wani na neman tabarau. Mai rabon tuwo ta tsaya da mara a hannu. Kofur Ango yana cewa, "Sajan, tuwo zai huce a kan gashin sauro!"

Na sa hannu a aljihu na fito da mayen ƙarfen Malam Tanko da igiyarsa. Na ja shi a gaban takalmin Baba. Jan farko ya kwaso ƙusa da marfin kwalba. A na biyu, ga ɗan jan abu a manne a gefe. Abin da ya sa na zubar da na tagulla ke nan, mayen ƙarfe ba ya kama tagulla.

Na sa masa a hannu ya taɓa, na mayar da duka biyun a raminsu, ya bi da yatsa ya tabbatar. Sannan ya ce, "Kai, tsaya. Da mayen ƙarfe ka zo biki?"

Na ce, "Biyu na kawo, Baba. Ko ɗaya zai ɓata."

Aka fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya juya wajen bencin 'yan majalisa ya ce, "Da irin wannan muke so a ƙarƙashin fiffike. Mai komawa ya sake dubawa. Daga yau kada in sake jin Lodi a bakin kowa." Ya zauna ya ce a kawo tuwo.

Kafin wata ya ƙare kwali uku suka shigo shagon nan, na farko daga Manjo. Kofur Ango dai har gobe Lodi yake ce mini, amma sai ya waiga tukuna.

To, wancan jirgin da ke kan kanta, wanda ɗayanku ya tambaye ni jiya me ya sa na ɓata rana guda a kan ɗan jan abin da ba mai gani, ku matso ku leƙa ƙarƙashin fiffikensa. Tayoyinsa a ƙasa suke. Ku ƙirga da ido, kada ku taɓa, kuma wanda ya ga ɗaya kawai ya tsaya inda yake ya kira ni.